Zaɓen ƙaramin tanderun hayaƙi mai murhu a gefe

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Dalas ta jihar Teksas, kuma kwanan nan muka koma gida mai fili a baya. Na ci naman da mutanen nan suke gasawa da hayaƙin itace, ina so in riƙa yin irinsa a gida, musamman da babbar salla. Na ga tanderun da suke kira ofset, wani dala 200, wani ya haura dala 2,000, alhali a ido duk kamarsu ɗaya. Ƙarami nake so domin iyalina ba su da yawa. Wanne zan saya, kuma me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa an shiga sabon gida a sa'a. Na yi shekaru ina aikin walda kafin in fara gasa nama da irin wannan tanderu, don haka zan amsa maka da idon mai ƙarfe da kuma na wanda ya sha kwana a gaban wuta. Abin da zan fara gaya maka shi ne ƙaramin tanderu ya fi babba wuyar sarrafawa, kuma duk aibin da mai ƙira ya bari a jikinsa, ko siririn ƙarfe ne ko matsattsen murhu ko gajeren bututu, sai ya bayyana a naman da ka gasa. Manyan da gidajen abinci ke amfani da su, irin waɗanda ake yi da tsohon tankin gas mai cin galan 1,000, girmansu yana rufa wa mai su asiri, domin ko itacen da bai gama bushewa ba aka jefa musu za su cinye shi ba tare da zafin ya motsa sosai ba. Ƙarami kuwa, faskare ɗaya da ya yi kauri ya isa ya shaƙe wutarsa.

Idan ka fahimci yadda abin yake aiki, kai da kanka za ka tsaya a kanti ka gane na kirki. Kashi uku ne: doguwar ganga a kwance inda ake jera nama a kan wayar gashi, murhu da aka liƙa a gefenta ɗan ƙasa da ita, sai bututun hayaƙi a ɗaya ƙarshen. Wuta tana ci a murhu, iska mai zafi da hayaƙi su ratsa cikin gangar su shafi naman, bututu ya zuƙe su waje, ta yadda naman ba ya haɗuwa da harshen wuta ko garwashi. Nan ya bambanta da tsire da balangu, waɗanda zafin garwashi ke duka kai tsaye su gasu cikin ɗan lokaci, ya kuma bambanta da banda, wadda ake yi don nama ko kifi ya bushe ya daɗe bai lalace ba. A nan so ake nama mai jijiya da kitse, kamar ƙirjin sa da awaza da karfata, ya zauna a zafin digiri 107 zuwa 135 a ma'aunin Salshiyas, wato 225 zuwa 275 a ma'aunin Faranhait da za ka gani a jikin tanderun, har jijiyar ta narke a cikin tsokar. Duk tsawon sa'o'in da hakan ke ɗauka, abin da ake buƙata shi ne ƙaramar wuta mai ci da harshe wadda iska ke isarta. Irin wannan wuta siririn hayaƙi take fitarwa, mai ɗan shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa a bakin bututu. Wadda aka shaƙe kuwa farin hayaƙi mai kauri take tuttuɗowa, kuma shi ne ke barin ɗaci a nama. Duk abin da zan ce ka duba, don ka samu tanderun da zai bar ka ka riƙe wutar farko ne ba tare da zafinsa ya wuce gona da iri ba.

Kaurin ƙarfe ne kan gaba, kuma shi ne mafi yawan tazarar da ke tsakanin na dala 200 da na dala 2,000. Wannan ƙira ta bunƙasa ne a yankin haƙar man fetur na Teksas da Oklahoma, inda masu walda suke samun ragowar bututun mai masu kauri su yanka su yi abin gashi da su. Shi ya sa har yau ake auna faɗin ganga da inci 16 ko 20 ko 24, domin awon bututun ke nan, shi ya sa kuma kwatar inci, wato milimita 6 da ɗan ɗori, ta zama mizanin da ake gwada kowane tanderu da shi. Joe Davidson, wanda ya kafa kamfanin ƙera tanderu na Oklahoma Joe's a 1987, da irin wannan ƙarfe ya yi suna. Kamfanin Char-Broil ya sayi sunan a 1998, kuma waɗanda ake sayarwa a manyan kantuna yau da wannan suna ba su kai na farko kauri ba. Na kawo wannan ne don kada ka dogara da sunan da aka rubuta a murfi. Ka nemi a faɗa maka kaurin da lamba.

Ƙarfe mai kauri ba ya hana zafi fita kamar bargo, ko da masu talla sun nuna haka. Aikinsa shi ne tara zafi a jikinsa kamar tukunyar ƙasa, ta yadda idan ka buɗe murfi ka duba nama, ko wuta ta ɗan lafa kafin sabon itace ya kama, jikin gangar zai mayar da abin da aka rasa. Yana jure wuta bai lanƙwashe ba, murfinsa yana zama daram a mazauninsa, kuma tsatsa tana daɗewa kafin ta huda shi. Abin da za ka jure a kansa shi ne nauyi, da kusan sa'a guda ta ƙona itace kafin jikinsa ya ɗauki zafi.

Ni da mai araha na fara, wanda na ɗauko a kwali daga wani babban kanti na ɗaure da kaina cikin rabin sa'a. Wata rana cikin Janairu na ɗora ƙirjin sa tun bayan sallar asuba, sai ga iskar arewa mai sanyi, irin wadda ka riga ka sani a Dalas. Da na sa itace sai allurar ma'auni ta haura digiri 160 na Salshiyas, idan na rage iska don ta sauko sai wutar ta mutu farin hayaƙi ya turnuƙe, kafin in farga ta faɗo ƙasa da 90. Haka na wuni ina kai da kawowa tsakanin murhu da bututu, idanuna sun yi jajir. Bayan magariba na yanka naman, gefen da ke kusa da murhu ya bushe kamar kilishin da aka manta a rana, ɗaya gefen kuma wuƙa tana turjewa, ga ɗaci da ya kama harshe. Baƙin da na gayyata sun ci ne don kara. Shekara biyu bayan haka ƙasan murhun ya huje, garwashi ya riƙa zubowa a kan siminti, na kai shi bola ina tuna cewa araha ba ta ado.

Idan kwali ko shafin talla bai faɗi kauri ba, duba nauyin da aka rubuta. Mita ɗaya ta bututu mai faɗin inci 20 da kaurin kwatar inci tana kai kilo 78, tun kafin a sa mata murhu da bangon ƙarshe da ƙafafu da waya, ke nan cikakken tanderu mai wannan awo zai kusanci kilo 200 ko ya wuce. Idan ka ga mai kusan wannan girma amma an rubuta kilo 40 ko 50, ka san da gwangwani aka yi shi. A kanti, ɗaga murfin da hannu ɗaya ka ji nauyinsa, ka dubi bakinsa inda aka yanka domin nan ne kaurin ke bayyana, sannan ka ƙwanƙwasa jikin murhu: mai kauri sautinsa gajere ne mai nauyi, siriri kuwa ƙara yake yi kamar kwanon rufi. Idan aljihu bai kai kwatar inci ba, milimita 5 zai yi aiki, milimita 3 kuma shi ne iyakar abin da zan yarda ɗan'uwana ya saya. Idan sashe ɗaya kawai za a fifita, murhu ne ya cancanci kauri, tunda shi ke shan wuta da toka.

Na ji ka ce iyalinka ba su da yawa, amma shawarata ita ce kada ka sauka ƙasa da faɗin inci 20, wato santimita 50, da tsawon ganga na kusan mita ɗaya. Ba duk wayar ce ake amfani da ita ba, domin kusan kashi ɗaya cikin uku da ke maƙwabtaka da bakin murhu zafinsa ya yi yawa ga nama mai daɗewa, sai dai a sa kaza ko kaskon ruwa a wurin. Cikakken ƙirjin sa yana kai kilo 5 zuwa 7, tsawonsa ya kusanci rabin mita, kuma a ganga mai inci 16 shi kaɗai zai cinye wurin kirki, rufin gangar ya matso kusa da shi. Babban dalilin ma a wuta yake. Ƙaramar ganga ƙaramar wuta take so, ƙaramar wuta kuwa ba ta tara garwashin da zai kama sabon itace da sauri, don haka mai inci 16 zai sa ka faskara itace ƙanana kamar na hura wutar shayi, kana ƙarawa kusan kowane kwatan sa'a, kuma da zarar ka shiga gida ka yi alwala ka dawo sai ka tarar ta mutu. Mai inci 20 yana karɓar wuta mai ɗan jiki, yana ba ka sararin zama ka huta, kuma ranar salla karfata biyu na rago matsakaici za su shige shi ba tare da matsi ba.

Murhu kuwa yawancin masu saye ko leƙa shi ba sa yi. Ƙa'idar da masu ƙira suka saba bi ita ce cikinsa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na cikin gangar. Buɗe ƙofarsa ka tsuguna ka ƙiyasta: idan ka shimfiɗa garwashi ka ɗora faskare biyu masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, akwai sauran sarari a sama da gefe da harshen wuta zai tashi? Murhun da ya matse yana tilasta wa wuta zama a bakin ramin da ke shiga ganga, sai harshenta ya riƙa leƙawa yana lasar nama, alhali mai tsawo yana ba ka damar janyo ta baya kusa da ƙofa. Ƙofar ta zama babba mai buɗewa sosai, domin da ita za ka riƙa sarrafa iska fiye da 'yan tagogin da ake huda mata. Ni sau da yawa a buɗe nake barinta faɗin yatsu biyu ko uku. Za ka ga wasu ana tallarsu da murhu mai bango biyu da aka cusa wa abin riƙe zafi a tsakani. A babban tanderu ko a garuruwan ƙanƙara wannan alheri ne, amma a ƙarami, a zafin Teksas, yakan sa itace kaɗan ya kai ka inda kake so, sai wutar ta zama 'yar mitsitsiya mai wuyar riƙewa, don haka ban ga dalilin ƙara kuɗi a kansa ba.

Bututun hayaƙi shi ke tafiyar da tanderun duka. Iska mai zafi da ke hawa cikinsa ita ke janyo sabuwa ta ƙofar murhu, saboda haka idan ya yi siriri ko gajere sai jan ya yi rauni, hayaƙi ya tsaya a kan nama maimakon ya wuce. Ga ganga mai inci 20 ina son faɗinsa ya kai inci 4 ko ya ɗan fi, tsawonsa kuma ya haura saman gangar sosai. Duba kuma inda aka huda masa. Zafi sama yake bi, don haka idan bakin bututun a rufin ganga yake, hayaƙi zai bi ta sama ya fice ya bar naman a ƙasa. Idan kuwa daidai da waya aka huda shi a bangon ƙarshe, dole iskar ta sauko ta ratsa naman kafin ta fita. Wannan ƙira ce Aaron Franklin, mai gasa nama na birnin Austin, wanda ya ci lambar yabon masu girki ta James Beard a 2015, ya sha bayyanawa, kuma yau masu ƙira da yawa sun bi ta. Ɗan murfin da ke saman bututu ka ɗauke shi a matsayin na hana ruwan sama shiga. Lokacin gashi a bar shi a buɗe, idan zafi ya yi yawa a rage wuta.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kai za ka zauna da su. Rufe murfin ka zagaya ka duba gibi. Siriri ba matsala ba ne domin maiƙo da hayaƙi za su toshe shi, amma wanda yatsa ke shiga alama ce ta murfin da ya karkace tun wurin yanka. Haɗin murhu da ganga ya zama walda ce da aka ja ta zagaye ba yankewa, saboda wanda aka ɗaure da noti nan yoyo ke farawa, nan kuma tsatsa ke fara ci. A ƙasan ganga, can nesa da wuta, a samu ramin da kitse zai tsiyaye cikin bokiti, da ɗan shinge a bakin murhu da zai hana shi komawa wuta, domin gobarar kitse a cikin ganga ba abin wasa ba ce. Tayoyin su zama manya na ƙarfe, in ba haka ba duk inda ka ajiye shi a ciyawa nan zai dawwama. Ma'aunin da aka liƙa can saman murfi yana auna iskar da ba ta taɓa naman, don haka ka ware 'yan kuɗi ka sayi mai batir da tsinke biyu, ɗaya a kan waya ɗaya a cikin nama.

Akwai wani nau'in da ake shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin waya, hayaƙi ya bi ta ƙasansa har ƙarshen ganga sannan ya juyo ta saman nama ya fita ta bututun da aka kafa a ɓangaren murhu. Kamfanin Lang na jihar Jojiya da wannan aka san shi. Zafinsa ya fi daidaita daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sai dai farantin yana gasa naman daga ƙasa, yana ƙara nauyi da aikin wanki, kuma jan iskarsa bai kai na miƙaƙƙen ba, wato wanda hayaƙinsa ke wucewa kai tsaye zuwa bututu. Duka biyun suna fitar da nama mai kyau, amma ni na fi son miƙaƙƙen saboda ɓawon da yake yi wa nama, kuma gefensa mai zafi kaji nake zubawa.

Tunda a Teksas kake, ba ka da nisa da kaya. Kamfanin Old Country yana da wani mai suna Brazos da kantunan Academy ke sayarwa, kaurinsa kwatar inci, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi a wannan aji. Kamfanin Horizon da ke garin Perry na Oklahoma, da Yoder da ke Hutchinson ta Kansas, dukansu suna yin masu inci 20 da kaurin kwatar inci. Sama da su akwai ƙananan masu ƙira da ke aiki da oda, inda za ka biya ka jira watanni. Kowanne ka zaɓa, ka so ka ga wanda za ka ɗauka da idonka, ka kuma lissafa kuɗin kawowa, tunda abu mai kilo 200 ba ya shiga bayan ƙaramar mota.

Tanderu mai kauri ba ya tsufa da wuri, saboda haka na hannu hanya ce mai kyau, kuma a kasuwar intanet ta Facebook Marketplace ba a rasa na waɗanda suka saya da ɗoki suka gaji. Tafi da tocila da sukudireba, ka kwashe toka ka caki ƙasan murhu. Tsatsar sama mai gogewa ba komai ba ce, amma idan ƙarfen yana ɓarewa falle-falle, bar musu kayansu. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A ƙasar nan naman alade yana cikin abin da aka fi gasawa a irin wannan tanderu, kuma kitsensa yana kama jikin ganga da waya. Abin da za a iya yi shi ne a kankare cikin har ƙarfe ya fito, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a hura wuta mai ƙarfi ta ƙone ragowar, sannan a sa sabuwar waya. Wannan bayanin mai walda ne. Hukuncin tsarki kuwa ka tambayi malaminka, kuma idan zuciyarka ba ta natsu ba ka sayi sabo. Idan mai walda za ka ba aiki, ka hana shi ƙarfe mai rufin zinki, irin mai ƙyallin bututun ruwa, domin tururinsa idan ya sha wuta yana sa ciwo, ka kuma guji gangar da aka taɓa zuba sinadari. Tsohon tankin gas kuwa kada ka kuskura ka sa masa abin yanka da kanka, ko an rantse maka babu komai a ciki.

Kafin ka biya kuɗin tanderu, nemo inda za ka riƙa samun itace da inda za ka ajiye shi, domin wanda ake sayarwa a 'yan jakunkuna a kanti zai cinye maka aljihu. A tsakiyar Teksas itacen ok aka fi amfani da shi saboda hayaƙinsa ba ya danne ɗanɗanon nama, sai fikan da hikori. Itacen meskit na yamma da kudancin jihar, masana tsirrai sun daɗe suna lissafa shi dangi ɗaya da ƙiryar da maƙeranmu ke yin gawayi da ita, kuma halinsu ya yi kama wajen zafin wuta da ƙarfin garwashi, amma hayaƙinsa yana da kaifi, a dogon gashi yakan yi yawa. Itacen ya zama ya sha iska wata 6 zuwa shekara bayan faskarawa, danshinsa ya sauko kusan kashi 20 cikin 100. Ka buga biyu da juna, busasshe ƙara yake yi mai kaifi, ɗanye kuwa sautinsa a dushe yake. Masu sayarwa yawanci tsawon inci 16 suke yankawa don murhun ɗumama ɗaki, wanda ya yi wa ƙaramin tanderu girma, don haka za ka buƙaci zarto da ƙaramin gatari ka mayar da shi santimita 25 zuwa 30, kaurin tsintsiyar hannu. Fara da gawayi ka shimfiɗa garwashi, ka ɗora faskaren da ke jiran layi a saman murhu ya yi ɗumi, ta yadda yana shiga zai kama. Itace mai ƙaro irin fayin, da katako mai fenti, da wanda aka jiƙa da maganin gara, duk kada su kusanci murhunka.

Akwai gaskiyar da masu sayarwa ba za su gaya maka ba, wato wannan tanderu yini yake ci. Ƙirjin sa yakan ɗauki sa'a 10 zuwa 14, kuma a tsakiya, idan zafin cikinsa ya kai digiri 65 zuwa 75 na Salshiyas, sai ya tsaya cik na sa'o'i saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi kamar gumi, kafin ya ci gaba zuwa wajen 95 inda yake laushi. Duk wannan lokaci kana kusa, kana ƙara itace kowane minti 20 zuwa 40. Idan aikinka ba zai bar ka ka ba da irin wannan rana ba, babu abin kunya a sayen mai gawayi a tsaye irin Weber Smokey Mountain, ko mai cin ƙwayoyin dusar katako da lantarki ke turawa da kansa, kuma kowannensu ya fi siririn ofset amfani a kuɗi ɗaya. Idan kuwa zaman gaban wutar ne ke jan ka, to ka jinkirta ka tara kuɗin mai kauri.

Ka kafa shi a kan siminti ko tsakuwa, nesa da gini da katangar katako. Tazarar ƙafa 10, kimanin mita 3, da dokokin kashe gobara na garuruwa da yawa a Amurka suka gindaya, an yi ta ne musamman don gidajen haya masu benaye, amma awo ne mai kyau ga kowa. Kada ruwan sama ya sa ka tura shi cikin gareji, domin iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Lokacin fari ƙananan hukumomin Teksas sukan hana kunna wuta a waje, sai ka duba abin da taka ta ce, ka kuma lura da inda iska ke kai hayaƙin saboda maƙwabta.

Ranar da ya iso, wanke cikinsa, ka shafe shi da man girki ciki da waje, ka hura wuta sa'a uku ko huɗu ba nama, kana koyon yadda yake amsa itace. Jera yankan burodi a kan waya daga wannan ƙarshe zuwa wancan na 'yan mintuna, launinsu zai nuna maka inda zafi yake taruwa. Bayan kowane gashi ka kwashe toka idan ta huce, domin toka da danshi su ne ke cinye murhu. Fara da kaji, waɗanda ke gasuwa cikin sa'a biyu zuwa uku kuma ana sauke su idan cikinsu ya kai digiri 74 na Salshiyas, sannan awaza, sannan karfata, don kada ranar salla ta zama ranar gwajinka na farko. Naman layya kuma ka bar shi ya kwana aƙalla ɗaya a firji, saboda tsokar dabbar da aka yanka yau sandarewa take yi kafin ta saki. Mutanen tsakiyar Teksas gishiri da baƙin barkono kawai suke shafawa, ni ma haka nake yi, domin na taɓa turbuɗe karfata da yajin ƙuli-ƙuli tun farko, bayan sa'a bakwai gyaɗar ta yi baƙi ta yi ɗaci. Yanzu sai na sauke naman, na bar shi ya huta sa'a guda a nannaɗe, na yanka, sannan in barbaɗa yajin a kai, albasa da tumatir suna gefe.